Daga Bakin Majinyaci zuwa Katin Asibiti: Kalmomin Turanci na Rashin Lafiya a Gwarzo da Kabo

A asibitocin Gwarzo da Kabo, kamar sauran asibitocin Jihar Kano, harsuna biyu ne ke aiki a kan ciwo ɗaya. Majinyaci yana faɗin abin da ke damunsa da Hausa, ma'aikacin lafiya kuma yana rubuta shi a kati da Turanci. Da Turanci ake cike takardar gwaji, da shi sakamako ke fitowa, da shi ake rubuta magani, da shi kuma ake rubuta wasiƙar da ake haɗa mutum da ita idan za a tura shi babban asibiti a birni. Dalili shi ne da Turanci ake koyar da likitoci da nas-nas da ungozomomi da malaman asibiti a Nijeriya, kuma da shi ake adana bayanan marasa lafiya.

Ƙananan hukumomin biyu suna yamma da birnin Kano, ta hanyar da ta nufi Dayi da Malumfashi a Jihar Katsina. Ƙidayar 2006 ta ba Gwarzo mutum sama da 180,000, Kabo kuma sama da 150,000, akasarinsu manoma da makiyaya da 'yan kasuwa waɗanda Hausa ce harshen hulɗarsu. Mutumin Getso ko Kutama ko Lakwaya, ko na Garo ko Gude ko Durun, yakan fara da kemis ko ƙaramin asibitin mazaɓarsa. Idan abin ya faskara sai babban asibiti irin na Gwarzo, daga nan sai Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. A kowane zango ana sake juya kokensa daga wannan harshe zuwa wancan, kuma a kowace juyawa ma'ana kan iya ƙaruwa ko ta ragu.

Kalmomin da suka zama 'yan gida

Rukunin farko na kalmomin Turanci ya shigo ne tare da aikin asibiti, bayan Turawa sun ci Kano a 1903. Asibiti da likita da nas da kemis da kati da bandeji da filasta da sirinji duk daga Turanci suke, amma sun daɗe da sajewa har ba a jin baƙuncinsu. Wasu sun canza ma'ana a hanya. Tiyata asalinta sunan ɗakin da ake yi wa mutum aiki ne, amma a Hausa ta zama sunan aikin kansa. A wasu wuraren kuma Bahaushe bai yi aro ba, ya ƙera nasa: ƙarin ruwa, ƙarin jini, awon ciki, ɗaukar hoto, wankin ƙoda, ba da gado, sallama. A Maraɗi da Damagaram, inda Faransanci ne harshen asibiti, aron ya bi wata hanya dabam, shi ya sa ake jin sida a can inda Bakano zai ce ƙanjamau.

Waɗannan kalmomi ba su cika kawo ruɗani ba, domin abin da suke nufi ana ganinsa da ido. Wahalar tana cikin kalmomin da ke bayyana abin da mutum ke ji a jikinsa.

Ciwo, cuta da rashin lafiya

A maganar yau da kullum, Bature kan ce mutum “sick” ne ko “ill” ko “unwell”, duka da nufin ba shi da lafiya. Ta ƙarshen ta fi sauƙi, kusa take da a ce mutum ba ya jin daɗi. A Ingila “sick” tana iya nufin amai ko tashin zuciya, amma a Nijeriya da Amurka yawanci rashin lafiya take nufi. “Disease” ita ce cuta mai suna da sananniyar hanya, “illness” kuwa halin da mai ciwon ke ciki. Hausa ma tana da nata matakan: rashin jin daɗi, rashin lafiya, ciwo, cuta, larura, jinya, da laulayi, wanda ake faɗa wa mai ƙaramin ciki ko yaron da ba ya rabuwa da ciwo.

Babban bambancin yana cikin tsarin da likitanci ya ɗora wa kalmominsa. Likita yana raba bayani gida uku. Akwai “symptom”, wato abin da majinyaci ya ji ya faɗa, kamar ciwon kai. Akwai “sign”, abin da likita ya gani ko ya auna, kamar zafin jiki da ya kai digiri 38 ko idon da ya yi ɗorawa. Sai “diagnosis”, sunan cutar da aka tsayar bayan an haɗa na farko da na biyu da sakamakon gwaji. A maganar gida ba a yin wannan rabe-raben. Mutum kan shiga ɗakin likita ya ce taifot ke damunsa, alhali abin da ake so ya fara faɗa shi ne kwana nawa ya yi yana zazzaɓi, da ko cikinsa na ciwo. Mafi yawan saɓanin da ake samu tsakanin harsunan biyu daga nan yake tasowa.

Yadda ake bayyana alamomi

A fagen bayyana zafin ciwo Hausa ba ta gaza Turanci ba. Turanci yana da “pain” ga kowane ciwo, da “ache” ga wanda ya zauna yana nuƙurƙusa, sannan ya ƙara siffa, kamar “sharp” ko “dull” ko “burning” ko “throbbing”. Bahaushe kuwa kowane iri da sunansa. Kai sarawa yake yi, haƙori da ƙurji zugi, ƙuna raɗaɗi, haƙarƙari suka, ciki murɗawa ko ƙullewa, jiki kuma tsami bayan wahalar noma. Waɗannan bayanai suna da amfani ƙwarai ga likita. Sukar haƙarƙari da ke ƙaruwa idan an ja numfashi tana iya nuna nimoniya, murɗawar da ke zuwa tana lafawa kuma tana sa a duba hanji. Majinyacin da ya taƙaita duk wannan da “ciwon jiki” ya rage wa likita abin aiki.

Wasu alamomin sun yi daidai a harsunan biyu. “Cough” tari ne, “vomiting” amai, “diarrhoea” gudawa ko zawo, “dizziness” jiri, “itching” ƙaiƙayi, “swelling” kumburi, “convulsion” jijjiga. Gudawar da ke tafe da jini da majina ita ce atini, “dysentery” a kati. Turancin Nijeriya ya ƙara nasa, irin su “purging” da “stooling” ga gudawa, da “catarrh” ga mura.

Zuciya ce ta fi kowace gaɓa rikitarwa. Wanda ya ce zuciyarsa na tashi amai yake ji, “nausea” ke nan, ba ruwan tsokar da ke harba jini. Wanda ya ce zuciyarsa ta ɓaci fushi ya yi. Ciwon zuciya a bakin mutane yakan nufi baƙin cikin da ya daɗe, a bakin likita kuwa lalacewar gaɓar ce, wadda kan zo da haki da kumburin ƙafa. Haka nan kasala tana iya zama “weakness”, rashin ƙarfi, ko “fatigue”, gajiyar da hutu ba ya kawar da ita.

Sunayen cututtuka iri uku

Sunayen cututtukan da ake ji a yankin sun kasu uku. Na farko tsofaffin sunayen Hausa ne da aka ɗora a kan na Turanci: ƙyanda ko baƙon dauro ga “measles”, sanƙarau ga “meningitis”, shan inna ga “polio”, farfaɗiya ga “epilepsy”, kuturta ga “leprosy”, tarin shiƙa ga “whooping cough”. Tsargiya, wato fitsarin jini da ke kama yara masu wanka a tafkuna da madatsun ruwa, ita ce “schistosomiasis”. Mashaƙo ya dawo bakin jama'a da annobar “diphtheria” da ta ɓarke a ƙarshen 2022, wadda ta fi yin ɓarna a Jihar Kano.

Na biyu sunaye ne da aka ƙera don bayani: hawan jini, ciwon suga, zazzaɓin cizon sauro, amosanin jini, gyambon ciki, shanyewar ɓarin jiki, yoyon fitsari. Wasunsu sun fi na Turancin faɗin gaskiya. “Malaria” daga Italiyanci take, ma'anarta mummunar iska, domin a da an ɗauka iskar fadama ke kawo ta, kafin Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a 1897. Sunan Hausa kuwa ya ambaci sauron kai tsaye.

Na uku aro ne tsagwaronsa: maleriya, taifot, alsa, asma, nimoniya, kwalara, sikila, kansa, tibi, da korona da ta shigo Kano a watan Afrilun 2020. Sau da yawa cuta ɗaya tana da suna a rukuni biyu, kamar sikila da amosanin jini, ko kansa da ciwon daji.

Inda ma'ana ta goce

Kalmomin aro da suka fi yawo a kemis su ne suka fi nisa da ma'anarsu ta asali. Maleriya ta zama sunan kowane zazzaɓi. A likitance kuwa zazzaɓi alama ce kawai, kuma mura da ciwon kunne da ƙyanda da cutar mafitsara duk suna kawo shi. Gwajin gaggawa da ake yi da ɗigon jinin yatsa yana ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20, shi ya sa ƙa'idar ma'aikatar lafiya ta ce a gwada kafin a ba da magani.

Taifot ta zama sunan zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ko kasala mai haɗe da ɗacin baki. Ainihin cutar ƙwayar bakteriya ce da ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa ko abinci. Gwajin Widal da aka fi yi mata tun 1896 aka ƙirƙiro shi, kuma yakan nuna akwai cutar ga wanda ya taɓa yin ta a baya ko mai wani zazzaɓin dabam. Gwajin da ya fi tabbas shi ne a raini jinin a ɗakin gwaji na wasu kwanaki a ga ko ƙwayar za ta tsiro.

Alsa ta zama sunan duk wani zafin ƙirji ko ciwon saman ciki, musamman lokacin azumi. A Turancin likita “ulcer” gyambo ne na zahiri a bangon tumbi ko farkon hanji, wanda ake tabbatarwa ta zura na'ura mai kyamara ta baki. Manyan musabbabansa biyu ne: wata bakteriya da Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka gano a 1982, da yawan shan magungunan kashe zafin ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda masu aikin ƙarfi ke yawan saye.

Hawan jini yana da nasa ruɗanin. Wasu na ɗauka jini ne ya yi yawa a jiki, wasu kuma na ganin ɓacin rai ne kawai, da zarar hankali ya kwanta ya wuce. “Hypertension” ƙarfin bugun jini ne a bangon jijiya da ya tsaya a 140/90 ko sama, kuma yawanci ba ya nuna wata alama har sai ya taɓa ƙoda ko zuciya ko ƙwaƙwalwa. Kishiyarsa, saukar bugun jini, dabam take da ƙarancin jini, wato “anaemia”, wanda ke yawan kama masu ciki da yaran da maleriya ta ci. Mace ɗaya tana iya samun hawan jini da ƙarancin jini a lokaci guda.

Tsofaffin kalmomin Hausa ma wasu sun fi takwarorinsu faɗi. Shawara tana ɗaukar “jaundice”, wato ɗorawar ido da fata, da “hepatitis”, kumburin hanta, da “yellow fever”, wadda sauro ke yaɗawa. Ta farkon alama ce, sauran biyun cututtuka ne masu hanyoyin kamuwa dabam. Fuka tana nufin asma a wani bakin, tarin fuka kuma tibi, alhali ɗaya ba ta yaɗuwa, ɗayar kuwa ana ɗaukarta ta numfashi kuma maganinta na wata 6 kyauta ne a asibitocin gwamnati. Sanyi ya fi duka faɗi. Lewis Wall, wanda ya yi bincike a ƙasar Malumfashi mai iyaka da Gwarzo, ya nuna a littafinsa na 1988 kan magungunan Hausawa yadda ake jingina cututtuka da yawa ga shigar sanyi cikin jiki. Har yau kalmar tana ɗaukar ciwon gaɓoɓi da ciwon mara da cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. A 'yan shekarun nan “infection” ta shigo ta zauna kusa da ita, har mata da yawa sun san ta a matsayin sunan ƙaiƙayi ko fitar ruwa daga gaba. A Turanci kuwa tana nufin shigar kowace ƙwayar cuta ko'ina a jiki, daga ido har huhu. Abin da ake kira “toilet infection” ba sunan wata cuta ba ne a littattafan likitanci.

Kalmomin lokaci, tsanani da sakamako

Wasu kalmomin ba sunan cuta ba ne, bayanin halinta suke yi. “Acute” ciwo ne da ya taso farat ɗaya, “chronic” kuma wanda ya daɗe ko zai daɗe, kamar ciwon suga da sikila. Mutane da yawa sun ɗauki ta biyun da ma'anar ciwon da ya yi muni, alhali tsawon lokaci kawai take nufi. Tsanani yana da nasa ma'auni: “mild” mai sauƙi, “moderate” matsakaici, “severe” mai tsanani. Idan aka ce majinyaci “stable” ne, ana nufin jikin bai ƙara taɓarɓarewa ba, ba wai ya warke ba. Ƙari kuma yana iya zama “benign”, wanda ba ya yaɗuwa, ko “malignant”, wato ciwon daji.

A takardar gwaji “positive” na nufin an ga abin da aka nema, “negative” ba a gan shi ba. Saboda haka a gwajin cuta ta biyun ce labari mai daɗi, saɓanin yadda ɗan makaranta ya saba jin kalmomin. Alamar tarawa da ake sa wa a sakamakon maleriya, daga ɗaya zuwa uku ko huɗu, kimanta yawan ƙwayoyin da aka gani ne a madubin gwaji. Haruffan AA da AS da SS na gwajin kafin aure rukunin gadon jini ne, ba su ne A da B da O da ake dubawa wajen ƙarin jini ba. Mai AS ba mara lafiya ba ne, amma idan ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS.

Lambobin kati ma harshe ne. Idan likita ya rubuta 3/7 kwana uku yake nufi, 2/52 mako biyu, 6/12 wata shida. A takardar magani “bd” sau biyu ne a rana, “tds” sau uku, “nocte” da dare, “stat” nan take, kuma waɗannan daga Latin suke. Mai kemis yakan mayar da su zane a jikin leda, ya ce ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare. Ga magungunan kashe bakteriya da ake sha sau uku a rana, abin da ake so shi ne tazarar awa 8 tsakanin sha da sha.

Kunya, gaisuwa da tafinta

Al'ada ma tana shiga tsakanin baki da kati. Amsar “ya jiki?” ita ce “da sauƙi”, ko da mai amsawar ba ya iya ɗaga kai, domin godiya ce ga Allah ba rahoto ba. Ma'aikacin da ya san haka ba ya tsayawa nan, sai ya tambayi ko an ci abinci, ko an yi barci, ko an yi amai sau nawa. Kunya kuma tana sa a sakaya. Mace kan ce ba ta salla maimakon ta ambaci haila, ko ta ce mara maimakon gaba, namiji kuma ya fake da basir idan matsalar ta iyali ce. A nan kalmar Turanci takan zama mafaka, domin faɗinta ya fi sauƙi a gaban baƙo. Haka yake ga larurar ƙwaƙwalwa: ciwon damuwa, fassarar da ake yi wa “depression”, ya fi karɓuwa a kan duk sunan da zai sa a tuna da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau.

Idan likitan ba ya jin Hausa sosai, kamar wasu masu hidimar ƙasa da ake turowa daga Kudu, nas ko ɗan rakiya ne ke tafinta. Matar da mijinta ko surukarta ke fassara mata ba lallai ta faɗi komai ba. Batun ya fi nauyi idan ana neman amincewar mutum kafin tiyata ko gwaji. A annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwaji da yara kusan 200 a Asibitin Zana da ke Kano, aka ba kimanin rabinsu maganin Trovan, kuma yara 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta, aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin yi wa majinyaci bayani, gwargwadon hali, da harshen da yake ji kuma daidai da zurfin karatunsa.

Ƙoƙarin daidaita kalmomi

Aikin haɗa kalmomin harsunan biyu ya daɗe ana yin sa, ya biyo ta ƙamus ɗin Bargery na 1934, da ƙamus ɗin Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990. Gidajen rediyo sun fi kowa yaɗa sababbin sunaye, domin ta bakinsu irin su cuta mai karya garkuwar jiki suka isa ƙauyuka. A 2017 wani ayarin masana harshe da ma'aikatan lafiya ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya ba da shawarar a riƙa kiran ƙwayar HIV karya-garkuwa, a bar ƙanjamau ga matakin da cutar ta kwantar da mutum, don a raba mai ɗauke da ƙwayar da wanda ciwon ya ci ƙarfinsa.

Duk da haka babu ƙamus da zai maye gurbin tambaya da amsa a ɗakin duba marasa lafiya. Abin da ya fi amfani ga likita shi ne majinyaci ya faɗi da Hausarsa inda ke ciwo, da irin ciwon, da ranar da ya fara, da abin da ke tayar da shi, da magungunan da ya riga ya sha, har da na gargajiya, ya bar sanya wa cutar suna sai bayan bincike. Haƙƙinsa ne kuma, kafin ya fita, a faɗa masa da Hausa sunan abin da aka rubuta a katinsa, da ko cutar mai warkewa ce ko wadda ake lallaɓawa, da yadda zai sha maganin, da alamun da idan ya gani zai dawo asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba shi ba.